Kuɗin hodar ibilis da ginin ƙasa: amsa ga masu kafa hujja da Kolombiya

Akwai wata magana da ta fara samun gindin zama a bakin wasu daga cikin masu ilimin bokonmu. Ana jin ta a fada bayan sallar lisha, ana jin ta a ɗakin hutun malamai, har ta kai ga zaurukan mahawara na ƙungiyoyin al'adu. Ni kaina na ji ta daga bakin wani abokin aiki, mutum mai karatu da natsuwa, wanda ko taba ba ya sha. Cewa ya yi mu daina yaudarar kanmu: kuɗi ba su da wari, kamar yadda Faransawa ke faɗa, kuma babu ƙasar da ta tashi ba tare da ƙazamar dukiya a gindinta ba. Ya ce ga Kolombiya nan, da kuɗin hodar ibilis ta tsallake talaucin da ya durƙusar da maƙwabtanta, har a shekarar 2020 ta shiga ƙungiyar OCDE ta ƙasashe masu hannu da shuni. Ya rufe da cewa mai jin yunwa ba ya zaɓen tuwo. Aka yi tafi, na ga wasu samari suna gyaɗa kai.

Gyaɗa kan samarin nan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Da jahili ne ya faɗi wannan magana da na bar shi, to amma malami ne, kuma gobe da safe yara sittin za su zauna a gabansa. Tun da Kolombiya ya kawo shaida, bari mu je Kolombiyar mu tambaye ta.

Adalci ya wajabta mu fara da abin da yake gaskiya cikin zancensa. Gaskiya ne cewa a shekarun 1980, lokacin da bashi ya shaƙe Meziko da Barazil da Ajantina, Kolombiya ta ci gaba da biyan bashinta, tattalin arzikinta kuma bai ja da baya ba ko shekara guda. Gaskiya ne cewa tun zamanin shugaba Alfonso López Michelsen, wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 1978, babban bankin ƙasar ya buɗe wata taga inda ake canjin dala ba tare da an matsa wa mai ita da tambayar inda ya samo ta ba. Gaskiya ne cewa Pablo Escobar, uban ƴan fataucin birnin Medelin, ya gina ɗaruruwan gidaje ya raba wa talakawan da ke kwana a kan juji, ya sa wa filayen ƙwallo fitilu, kuma a 1987 mujallar Forbes ta lissafa shi cikin masu miliyar na duniya. Masanin tattalin arziki Roberto Steiner, ɗan ƙasar, ya kiyasta cewa a farkon shekarun 1980 kuɗin ƙwaya sun kai kimanin kashi 7 cikin 100 na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara, kafin su sauko wajen kashi 3 a shekarun 1990. Duk wannan babu musu. Kuɗi sun shiga, kuma masu yawa. Abin tambaya shi ne: mene ne suka gina, mene ne kuma suka rusa?

Abin da ya riƙe Kolombiya a waɗancan shekaru sananne ne ga duk wanda ya buɗe littafin tarihin ƙasar. A 1975 sanyi ya ƙone gonakin kofi na Barazil, farashi ya yi tashin gwauron zabi, manoman Kolombiya suka kwashi riba shekaru a jere. A 1985 fari ya faɗa wa Barazil, suka ƙara samu. A 1983 aka gano man fetur a Caño Limón, a 1985 kuma aka fara fitar da gawayin ƙasa daga babbar mahaƙar Cerrejón. Bayan haka, masu riƙe da baitulmalin ƙasar ba su ɗibi bashi ido rufe ba lokacin da bankunan Turawa ke rabon sa kamar gyaɗa. Kofi, fetur, gawayi da taka-tsantsan: waɗannan su ne ginshiƙan. Su ne ke biyan haraji, harajin kuma shi ke biyan malami da likita.

Akwai ma hujjar da ta fi wannan kaifi. Mauricio Cárdenas, wanda daga baya ya riƙe ministan kuɗi daga 2012 zuwa 2018, ya auna bunƙasar ƙasarsa kafin zuwan hodar ibilis da bayan zuwanta. Ya tarar daga 1950 zuwa 1980 arzikin ƙasar na ƙaruwa da kimanin kashi 5 cikin 100 kowace shekara, daga nan kuma ya faɗo zuwa wajen kashi 3. Ya ɗora laifin a kan yaɗuwar kashe-kashe da manyan laifuffuka da fataucin ƙwaya ya haddasa. Ma'ana, ƙasar ta fi saurin tafiya tun ba ta san wannan dukiya ba. A 1999 kuwa, lokacin da gonakin koka suka mamaye fiye da hekta 150.000, tattalin arzikin Kolombiya ya ja da baya da fiye da kashi 4 cikin 100, faɗuwar da ba ta ga irinta ba cikin shekaru da dama. Idan hodar ce ke ɗauke da ƙasar, ina take a wannan shekara?

Ya kai mai karatu, ka taɓa tambayar kanka aljihun wa ribar wannan fatauci take ƙarewa? Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi wannan lissafi a kan kasuwar Amurka ta shekarar 2008, wadda ya kiyasta a kan dala miliyar 35. Manoman koka na ƙasashen tsaunukan Andes gaba ɗayansu, da matansu da ƴaƴansu, kashi 1,5 cikin 100 suka samu. Kimanin kashi 85 ya tsaya a cikin Amurka, hannun dillalai manya da ƙanana. Ɗan abin da ya rage wa manyan fataken Kolombiya, shi ma ba duka yake komawa gida ba, domin mai kuɗin haram ya fi kowa tsoron ƙasarsa: bankunan Panama da gidajen Miyami sun fi kwantar masa da hankali. Wannan kasafi ai mun san shi, mu jikokin manoman gyaɗa da auduga. Shi ne kasafin mulkin mallaka: kudu ta yi gumi, arewa ta yi ƙiba. Abin mamaki, masu kare wannan fatauci su ne ke kiran sa ramuwar gayya a kan Turawa. Wace irin ramuwa ce wannan, da wanda ake ramawa a kansa yake tashi da kashi 85?

Sai kuma kason da ya komo gida. Ta wace ƙofa yake shigowa? Mai hoda yana da dala a Amurka, yana son kuɗin ƙasarsa a Kali ko Medelin. Sai ya sayar wa ɗan kasuwa dalar da rahusa, ɗan kasuwa ya sayo yadi da taba da barasa da kayan lantarki, ya shigo da su ta bayan ƴan duwan, ya karyar da su a kasuwannin fasa-ƙwauri da ake kira San Andresito. Shi ba riba yake nema ba, wanke kuɗi yake yi, saboda haka ko ya sayar ƙasa da yadda ya sayo bai yi asara ba. To, ina mai masaƙa na halal zai sa kansa? Medelin gari ne da ya yi suna da masaƙu tun farkon ƙarni na 20, kuma fasa-ƙwauri na cikin abubuwan da suka karya su. Duk ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram da ya taɓa buɗe kanti kusa da wanda ba ya damuwa da faɗuwa, ya san wannan ciwo ba sai an yi masa bayani ba. Haka nan ambaliyar dala takan ɗaga darajar kuɗin ƙasa, sai kayan da ƙasar ke fitarwa su yi tsada a kasuwar duniya, manomin kofi da mai furanni su biya kuɗin abin da ba su ci ba.

Ragowar kuɗin kuma ƙasa da gini suka tafi. Fatake sun sayi filayen noma mafi albarka a ɗaruruwan gundumomi suka mai da su makiyayar shanu da wuraren shaƙatawa, suka kafa dakarun sa-kai don tsaron su. Wanda ya ƙi sayar da gonarsa, a wajen matarsa ake saye bayan ta yi takaba. Dakarun nan da ƴan tawayen FARC, kowanne ya sami abin sayen bindiga daga koka, yaƙin da ya kamata ya mutu tun tuni ya ƙara shekaru. Hukumar binciken gaskiya ta ƙasar ta bayyana a 2022 cewa an kashe fiye da mutum 450.000 tsakanin 1985 da 2018, waɗanda aka raba da gidajensu kuwa sun haura miliyan 8. A wane shafi na littafin bunƙasa za mu rubuta su? Shi kuwa Escobar, abin da ya bar wa ƙasarsa gado cikin dabbobi shi ne dorinar ruwa huɗu da ya shigo da su gidan gonarsa don alfahari. Sun hayayyafa sun wuce ɗari a kogin Magdalena, har gwamnati ta ayyana su annoba ga muhalli a 2022.

Barnar da ta fi kowace muni ita ce wadda ba a iya auna ta da dala. Duk sana'ar halal tana buƙatar alƙali mai gaskiya, domin shi ke tsare mata yarjejeniya. Sana'ar hoda ita kaɗai ce ba ta rayuwa sai alƙali ya lalace. Taken ƴan Medelin shi ne: ko azurfa ko dalma, wato ko ka karɓi cin hanci ko ka karɓi harsashi. A ranar 30 ga Afrilu 1984 suka harbe ministan shari'a Rodrigo Lara Bonilla. A Disamba 1986 suka kashe Guillermo Cano, shugaban jaridar El Espectador, wanda UNESCO ta sa sunansa ga kyautarta ta ƴancin aikin jarida. A Agusta 1989 suka kashe Luis Carlos Galán, ɗan takarar da ake kyautata zaton shi zai ci zaɓen shugaban ƙasa. A Nuwamba na wannan shekara suka tarwatsa jirgin fasinja a sama, mutum 107 da ke ciki babu wanda ya tsira. A 1991 kaɗai an kashe fiye da mutum 6.000 a birnin Medelin, akasarinsu samarin unguwannin talakawa, ƴaƴan mutanen nan da aka raba wa gidaje. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski: uwa ta karɓi makullin ɗaki, ɗanta ya karɓi bindiga.

Ƴan Kali kuwa azurfar suka fi amfani da ita. Miliyoyin dalolinsu sun shiga yaƙin neman zaɓen 1994, shugaba Ernesto Samper ya ce bai sani ba, majalisa ta wanke shi, amma ya ƙare mulkinsa yana kare kansa, Amurka kuma ta soke masa biza a 1996. Shekara huɗu na rayuwar ƙasa suka tafi a banza. Daga shekarar 2000 aka shiga shirin da aka sa wa suna Plan Colombia, wanda Amurka ta zuba wa kimanin dala miliyar 10 cikin shekara 15, galibi a kan jiragen yaƙi da feshin gonaki. Duk da haka, a 2023 gonakin koka sun kai hekta 253.000. Ga darasin: wannan baƙo in ya sauka, ba ya jin sallama.

Na san abin da abokina zai ce. Zai ce ai Turawan da kansu sun shigar da kuɗin ƙwaya cikin lissafin arzikinsu. Haka ne: tun 2014 ƙasashen Tarayyar Turai suka fara, Faransa ta bi sahu a 2018, inda hukumar ƙididdigarta ta kiyasta abin a kan kimanin yuro miliyar 2,7. Amma mu malamai ya kamata mu fi kowa sanin abin da wannan ma'auni na PIB yake aunawa. Yana ƙidaya duk inda kuɗi suka canza hannu, bai san alheri ba, bai san sharri ba. Idan gobara ta cinye kasuwa aka sake gina ta, lissafin zai hau. Likkafani da ƙofar ƙarfe da albashin mai gadi duk suna ciki. Ƙidaya abu daban, amfaninsa daban. Likita ma yana ƙidaya majinyata, ba wanda ya ce asibiti ya yi albarka don ya cika. Zai kuma ce talakan da ke noman koka ba shi da wata mafita. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma ba manomin nake zargi ba. Inda babu hanyar mota, buhun rogo ba ya kai kasuwa, ƙullin koka kuwa mai saye har gida yake zuwa. Amma abin da wannan ke nunawa shi ne koka tana tsirowa inda hukuma ta yi watsi da jama'a, kuma bayan shekara arba'in yankunan da ke noman ta suna nan cikin mafi talauci a ƙasar. Maganin da aka sha shekara arba'in ciwo bai tafi ba, a daina kiran sa magani.

Me ya sa nake ɓata tawada a kan ƙasar da ke bayan teku? Domin hodar ta riga ta ƙetaro tekun. Dubi Gine Bisau, wadda ba ta noma ko ganye ɗaya na koka, hanya kawai ta bayar tun tsakiyar shekarun 2000. A ranar 1 ga Maris 2009 bam ya kashe babban hafsan sojojinta, washegari aka kashe shugaba Nino Vieira. A 2013 jami'an Amurka suka kama tsohon shugaban sojojin ruwanta a kan teku bisa zargin fataucin hoda. A Satumba 2024 an kama fiye da tan 2 cikin wani jirgi a filin saukar jiragen Bisau. Bayan shekara ashirin na wannan ciniki, ƙasar na nan cikin matalautan duniya, talakanta kuma da ƙwallon kashu yake ci da kansa kamar jiya. Ita ce misalin da ya fi kama da mu, domin mai ba da hanya ladan dako kawai yake samu, ya kuma gaji dukan fitinar.

Hanyar kuwa ta biyo ta ƙofar gidanmu. A Nuwamba 2009 aka tarar da ƙonannen jirgin Boeing 727 a hamadar Tarkint, arewacin Mali, wanda aka yi amanna hoda ya sauke daga Benezuwela. A Maris 2021 aka kama tan 17 na ƙullin tabar wiwi a wani ɗakin ajiya a Yamai, a kan hanyarsa ta zuwa Libiya. A Janairu 2022 aka kama kilo 214 na hodar ibilis cikin motar wani magajin gari a jihar Agadas. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana cewa hodar da ake kamawa a ƙasashen Sahel ta tashi daga kimanin kilo 13 a shekara, tsakanin 2015 da 2020, zuwa kilo 1.466 a 2022. Kada kuma wani ya ce wucewa kawai take yi. Ana biyan ɗan dako da kaya, shi kuma sai ya nemi mai saye a gida. Haka Kolombiya ta wayi gari da basuko, dattin hodar da ke cin ƴaƴanta a titunan Bogota. Wanda ya ga abin da tramol ya yi wa ƴan kabu-kabu da ƴan ga-ruwa, har da ƴan lakwal, ya san ba mu da sauran ƙarfin ɗaukar wani sabon bala'i. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ƴan uwana malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, tsare iyaka aikin jandarma ne da ƴan duwan, amma tsare ma'anar kalmar arziki aikinmu ne. A da, in yaro ya shigo gida da abin da ya fi ƙarfinsa, uwarsa ba ta taɓawa sai ta ji inda ya samo, kuma ba a ba mutum aure sai an binciki sana'arsa. Yau mutum zai kwana ba shi da keke ya tashi da bene, maroƙa su wasa shi, a ba shi kujerar gaba a wajen bikin ƙungiya, a karɓi gudummawarsa a yi masa addu'a. Yaron da ke aji na shida yana kallo. Yana ganin malaminsa na jiran ƙarshen wata, yana ganin wancan na rabon jikkuna, sai ya yi lissafinsa shi kaɗai. Idan kuma ya ji daga bakin malamin cewa da irin wannan dukiya ake gina ƙasa, to mun gama sallama shi. Ina kira ga ƙungiyoyinmu da su mayar da tambayar nan ta iyayenmu kafin su miƙa hannu, ga marubuta wasan kwaikwayo da mawaƙa su daina yi wa mai kuɗin dare kirari, ga malaman tarihi da labarin ƙasa kuma su koyar da Kolombiya da alƙalumanta cikakku.

Su koyar har da ƙarshen labarin Medelin. An harbe Escobar a kan rufin wani gida ranar 2 ga Disamba 1993. Jirgin ƙasa na cikin birnin ya fara aiki a 1995. A 2004 aka buɗe motocin igiya masu hawa da talakawan kan tudu zuwa wuraren aiki, a wannan shekara kuma wani malamin lissafi na jami'a, Sergio Fajardo, ya zama magajin gari, ya shiga gina manyan ɗakunan karatu da makarantu a unguwannin da a da ake ɗibar ƴan bindiga. Da kuɗin haraji da ribar kamfanin ruwa da lantarki na birnin aka yi wannan aiki. Idan abokina na neman abin koyi daga Kolombiya, ga shi nan, kuma malami irinsa ne ya jagorance shi.